Daga Ƙofar Asibiti Zuwa Bakin Gado: Abin da Bincike Ya Koyar Kan Jinyar Yaran da Ciwo Ya Tsananta, da Aikin da Ke Gaban Gaya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin manyan gwaje-gwajen likitanci da aka wallafa tsakanin 2006 da 2024 kan jinyar yaran da ciwo ya kai su gargara, sannan ta auna sakamakonsu da halin da gundumar Gaya ta jihar Dosso take ciki. Ta gano cewa magani ko na'urar da ta ceci yara a wani asibiti takan yi ɓarna a wani, gwargwadon cutar da ta fi yawa a wurin da yawan masu tsayawa a kan maras lafiya. Maƙalar ta kafa hujja cewa kulawa ta musamman a gunduma irin Gaya tana tsaye ne kan saurin gane yaron da ke cikin haɗari, da samun oksijin da jini da allura a kan lokaci, da idon da ba ya barin gado. Ta rufe da tambayoyin bincike guda biyar da ya kamata a amsa su a Gaya.

Muhimman kalmomi: kulawa ta musamman, zazzaɓin cizon sauro, oksijin, ƙarin jini, Gaya.

1.0 Gabatarwa

A wani daren Agusta, a wani asibitin gunduma da na taɓa aiki, wata mata ta sauka daga kan kabu-kabu da ƴarta mai shekara biyu goye a baya. Ta tarar da layi, ta je ƙarshensa ta tsaya, don kunya ba za ta bar ta ta tsallake manya ba. Tsohon mai gadinmu ne ya lura kan yarinyar ya langaɓe gefe guda. Ya matso ya ce, "Baiwar Allah, kwance goyon nan mu gani." Tafin hannun yarinyar fari fat, numfashinta mai zurfi kamar na wanda ya sha gudu, an kira sunanta ba ta motsa ba. Ya ja uwar har gaban malamar jinya. Aka ɗiga jini a tsinken gwaji, sukari ya yi ƙasa. Aka ba ta ruwan sukari ta jijiya, aka yi mata allurar atesunat. Jini kuwa sai da aka kwashe awa biyar, domin sai da aka aika ƙauye a ɗauko ƙanen mahaifinta. Da asuba ta buɗe ido ta nemi nono.

Babu na'urar numfashi a ɗakin nan, amma abin da aka yi wa yarinyar kulawa ta musamman ce ta haƙiƙa. Tambayar wannan maƙala ita ce: me bincike ya tabbatar game da irin wannan jinya, kuma wane kaso nasa ne zai zauna daidai a Gaya?

2.0 Gaya da Nauyin da Ke Kanta

Gaya tana ƙuryar kudancin Nijar, a ƙasar Dandi, bakin Kogin Kwara. Tsallaken gada Malanbil ce ta Jamhuriyar Benin, ta gabas kuma Kamba ce ta jihar Kebbi a Nijeriya. Nan ne ruwan sama ya fi sauka a duk faɗin Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Albarkar da ta kawo shinkafa da rake da kifi ita ce kuma ta tsawaita lokacin sauro fiye da na sauran sassan ƙasar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 597,000 a 2023, kuma ƙasashe huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi: Nijeriya, Kwango Kinshasa, Nijar da Tanzaniya. A Afirka, kimanin uku cikin huɗu na mamatan yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Nijar ta yi namijin ƙoƙari, domin a 1990 yara sama da 300 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, yanzu adadin ya sauko zuwa ɗari da ƴan kai. Duk da haka yana cikin mafi yawa a duniya.

Idan asibitin gunduma ya ga yaro ya fi ƙarfinsa, sai ya tura shi Dosso, tafiyar kimanin kilomita 150, daga can kuma Yamai. Yaron da ke jijjiga ko numfashinsa ke sarƙewa ba kullum yake kai wa ƙarshen wannan tafiya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, hanyar da kaya daga tashar Kwatano suke bi, magunguna a cikinsu, kuma a watan Agustan shekarar Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Wanda yake da yaro a kan injin tace oksijin ya san ma'anar ɗaukewar wuta.

Jihar Dosso ba baƙuwar bincike ba ce. A gundumomin Boboye da Loga aka gudanar da ɓangaren Nijar na gwajin MORDOR, wanda aka wallafa a 2018, inda raba wa yara maganin azitromaisin sau biyu a shekara ya rage mace-mace da kashi 18 cikin ɗari. Gwajin AVENIR na 2024 ya biyo baya a Dosso da Tawa. A Gaya kuma aka ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta Nijar a Satumba 2024. Waɗannan duk aikin rigakafi ne, kuma rigakafi ya fi magani. Sai dai kowace damina akwai yaran da ciwo zai tsallake duk shingen da aka kafa ya kawo su ƙofar asibiti a sume. Su ne abin dubawarmu.

3.0 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

3.1 Tantancewa a Bakin Ƙofa

A asibitin Queen Elizabeth da ke Bilantaya ta Malawi, Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun sake tsarin karɓar yara. Aka daina bin layi bisa wanda ya riga zuwa, aka koya wa ma'aikata su ware yaro mai alamar haɗari cikin ƴan daƙiƙoƙi, aka tanadi ɗakin gaggawa kusa da ƙofa. Rahotonsu na 2006 ya nuna mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ta koma tsakanin 6 zuwa 8. Tsarin tantancewa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi a koyar da alamomin nan har ga masu gadi da masu yanka kati, saboda su ne suke fara ganin maras lafiya. Abin da tsohon mai gadinmu ya yi da basirarsa, abu ne da ake iya koya wa kowa cikin ƴan kwanaki.

3.2 Allurar Zazzaɓi Mai Tsanani

Gwajin AQUAMAT, wanda aka wallafa a 2010, ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a Nijeriya. Cikin waɗanda aka ba kwinin, kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu. Cikin waɗanda aka ba atesunat, kashi 8.5. Atesunat yana kashe ƙwayar cutar tun tana ƙarama, kafin ta manne a ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, kuma ba ya kayar da sukarin jini yadda kwinin yake yi. Wannan sakamako ne da za a ɗauka gaba ɗaya, domin cutar da aka gwada shi a kanta ita ce cutar Gaya.

Labarin atesunat na matsi, wanda ake sanya wa yaro ta dubura a ƙauye kafin a kama hanya, ya bambanta. Gwajin 2009 a Gana da Tanzaniya da Bangaladash ya nuna yana ceton yaran da tafiyarsu zuwa asibiti ta wuce awa shida. Amma da aka bi sawun amfani da shi a aikace, a shirin CARAMAL da ya shafi jihar Adamawa da Yuganda da Kwango, sai aka tarar yara da yawa ba sa ƙarasawa asibiti, ko sun ƙarasa ba sa samun cikakken magani, kuma mace-mace ba su ragu ba. Maganin yana sayo wa yaro ƴan awoyi ne kawai. In babu mota, babu gado mai jiransa, awoyin sun tafi a banza.

3.3 Ƙarin Ruwa

Shekaru da dama an koyar da mu cewa yaro mai zazzaɓi da jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri. Koyarwar ta samo asali daga asibitocin Amurka da Turai, inda injin numfashi yake gefen gado. Kathryn Maitland da tawagarta suka gwada ta a kan yara 3,141 a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, a gwajin FEAST na 2011. Cikin awa 48, kashi 10.5 zuwa 10.6 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri suka rasu, alhali a cikin waɗanda aka bari da ruwa a hankali kashi 7.3 ne. Dole aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. Fiye da rabin yaran suna da zazzaɓin cizon sauro, kusan ɗaya cikin uku kuma jininsu ya yi ƙasa ƙwarai, wato irin yaran da ke cika gadajen Gaya a watan Satumba.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara ƙa'ida: ruwan gaggawa sai ga yaron da alamomi uku suka haɗu a jikinsa, wato sanyin hannu da ƙafa, jinkirin dawowar jini a farce fiye da daƙiƙa uku, da bugun jijiya mai sauri mara ƙarfi. Yaron da gudawa ta tsotse hukuncinsa daban, shi ruwa ne maganinsa. Wannan darasi yana da nauyi a wajenmu, domin iyaye da yawa ba sa ganin an yi wa ɗansu aiki sai sun ga ledar ruwa a rataye. Wani uba ya taɓa tare ni a baranda ya ce, "Likita, don Allah a ƙara masa ruwa, ko nawa ne zan biya." Na zaunar da shi na ce, "Malam, jinin yaronka ne ya ƙare. In na zuba masa ruwa, ɗan abin da ya rage zan tsinka." Ya yi shiru, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ce a ɗebi nasa.

3.4 Ƙarin Jini

Gwajin TRACT na 2019 ya ƙunshi yara 3,983 a Yuganda da Malawi. Ya nuna cewa yaron da ma'aunin jininsa yake tsakanin giram 4 da 6, kuma ba shi da wata alamar haɗari, ana iya jinkirta masa ƙarin jini ba tare da mace-mace sun ƙaru ba, muddin ana sake auna shi a kai a kai. Kusan rabin waɗanda aka jinkirta wa sun buƙaci jinin daga baya. Gwajin ya kuma gano cewa mililita 30 a kowane kilo na nauyin jiki ya fi mililita 20 amfani ga yaron da jikinsa ba zafi, amma ga mai zazzaɓi akasin haka ne. Ga asibitin da ledojin jininsa ba su taka kara sun karya ba, wannan hanya ce ta adana jini domin wanda ya fi buƙata. Sharaɗinta shi ne a sami mai aunawa da abin aunawa dare da rana.

3.5 Oksijin da Injin Tallafa wa Numfashi

Ido kaɗai ba ya gane ƙarancin oksijin a jini, musamman a fata mai duhu. Ƴar na'urar da ake maƙala wa a yatsa ita ke faɗa, kuma ƙa'ida ita ce a ba yaro oksijin idan ta nuna ƙasa da 90. A Papuwa Niyu Gini, binciken Trevor Duke na 2008 ya nuna cewa samar da wannan na'ura tare da injin tace oksijin ya rage mutuwar yara masu nimoniya da kashi 35 cikin ɗari. A Yuganda, gwajin 2024 a asibitoci 20 ya nuna oksijin mai aiki da hasken rana ya rage mutuwar awa 48 na farko da kusan rabi. A kusa da mu, shirin AIRE, wanda ƙungiyar ALIMA ta jagoranta da tallafin Unitaid, ya kai na'urar yatsa ƙananan cibiyoyin lafiya a Burkina Faso da Gini da Mali da Nijar, gundumar lafiya ta Dosso tana ciki.

Misalin da ya fi kowanne jan hankali shi ne na injin CPAP mai kumfa, wanda yake tura iska da ɗan matsi ta hanci don huhu ya zauna a buɗe. A Daka ta Bangaladash, a ɗakin kulawa ta musamman mai isassun likitoci, gwajin 2015 ya nuna mutuwa kashi 4 cikin ɗari ga masu injin, kashi 15 ga masu oksijin zalla. Da aka kai irin injin asibitin gundumar Salima a Malawi, inda babu likita mai zagaye kullum, sakamakon 2019 a kan yara 644 ya juye: kashi 17 ga masu injin, kashi 11 ga masu oksijin. Injin yana buƙatar mai share majina, mai duba kumburin ciki, mai hana yaro shaƙar abinci. Inda babu wannan hannu, sai ya zama abin cutarwa.

3.6 Bayan Sallama

Binciken CHAIN na 2022, wanda ya bi yara 3,101 a Afirka da Asiya, har da Banfora ta Burkina Faso, ya gano kashi 48 cikin ɗari na mace-macen sun auku ne cikin wata shida bayan an sallami yaran, tamowa kuma tana ƙara haɗarin. Gwajin 2020 a Kenya da Yuganda ya nuna cewa ba yaron da ya tashi daga matsanancin ƙarancin jini maganin zazzaɓi wata-wata har sau uku yana rage mutuwa da komawa asibiti ƙwarai a wannan tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyar a 2022.

4.0 Tattaunawa

Abu guda ne yake ta maimaita kansa a duk waɗannan gwaje-gwaje. Ruwan da ya yi amfani a Amurka ya yi kisa a Yuganda. Injin da ya yi ceto a Daka ya yi ɓarna a Salima. Maganin matsi ya yi aiki a cikin gwaji, ya gaza a inda hanya ta yanke. Abin da ya raba nasara da asara shi ne irin cutar da ke jikin yaron da yawan idon da ke kansa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma galibin gwaje-gwajen da muka ambata a gabashin Afirka da Asiya aka yi su, a wuraren da yanayin damina da yawan tamowa da sikila da nisan hanya suka bambanta da namu.

Hakan ba ya nufin Nijar ba ta buƙatar cikakkun ɗakunan kulawa ta musamman. Tana buƙatarsu a Yamai da manyan asibitocin jihohi, domin akwai yaron da ba abin da zai riƙe shi sai injin numfashi. Magana ce ta abin da za a fara da shi. A damina ta 2018, asibitin yara na Magariya da ƙungiyar MSF ke tallafa wa ya kwantar da yara fiye da 700 a lokaci guda, kuma an yi makonni ana rasa kimanin yara goma a kowace rana. Ambaliyar marasa lafiya irin wannan, gado huɗu masu injuna ba za su tare ta ba. Abin da zai rage ta shi ne kowane gado ya sami abubuwan farko. Babban Taron Lafiya na Duniya ya bi wannan hanya a Mayu 2023, da ya zartar da ƙuduri kan jinyar gaggawa da ta masu matsanancin ciwo, da wani kan wadata asibitoci da oksijin.

Akwai kuma dukiyar da ba mu ƙirga ta. A kowane gadon yara a ƙasar nan akwai uwa ko kaka zaune, ba ta barci. Ita ce ta fi kowa sanin lokacin da numfashin ɗanta ya sauya. Sau da yawa nauyin baki da tsoron tsawa ne suke hana ta tashi ta kira malamar jinya.

5.0 Tambayoyin da Gaya Za Ta Amsa

Na farko, rajista. A buɗe littafi ɗaya mai sauƙi na duk yaron da ya zo da alamar haɗari: garin da ya fito, kwana nawa yana ciwo, inda aka fara kai shi, awon oksijin da sukari da jini, da yadda ya ƙare. Iyalan Dandi suna da dangi a ƙasashe uku, suna neman magani ta kowane ɓangare, saboda haka a nemi takwarorinmu na Kamba da Malanbil su cika irin wannan takarda. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na biyu, lokaci. Minti nawa ne tsakanin shigowar yaro ƙofa da allurar farko, da oksijin, da ledar jini? Agogo da alƙalami sun isa wannan bincike, kuma shi zai nuna inda igiya take tsinkewa.

Na uku, jini. A gwada tara masu ba da jini na sa kai tun watan Yuni, ta hannun limamai da sarakuna da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu, a ga ko zai taƙaita jiran da ake yi a Satumba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, uwa a matsayin mai sa ido. A koya wa masu jinya alamomi huɗu ko biyar da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, a ba su izini bayyananne su kira ma'aikaci, sannan a auna ko an fi saurin gane yaron da jikinsa ya rikice.

Na biyar, bayan sallama. A bi yaran da suka tashi daga ƙarancin jini ko tamowa har wata shida, ta hannun ma'aikatan lafiya na ƙauyuka.

Masu iya riƙe wannan aiki suna kusa: Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CERMES a Yamai, cibiyar Epicentre da ta gudanar da manyan gwaje-gwaje a Madarunfa ta jihar Maraɗi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wajibi ne kowane mataki ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, a nemi yardar iyaye da harshen da suke ji, kuma a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka gano.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bincike ya riga ya tabbatar da wasu abubuwa da Gaya za ta ɗauka yau: tantancewa a ƙofa, atesunat, taka-tsantsan da ƙarin ruwa, na'urar yatsa da oksijin mai hasken rana, da bin yaro bayan sallama. Ta kuma nuna wasu da ba a ɗaukarsu sai an gwada a gida, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Yarinyar daren Agusta ta rayu ne saboda wani tsoho ya duba, kuma ƙanen mahaifinta yana gida lokacin da aka je nemansa. Ran yaro ya fi ƙarfin a bar shi ga irin wannan dace. Aikin da ke kanmu, mu masu bincike da masu jinya, shi ne mu auna abin da ya faru a daren nan, mu mayar da shi tsarin da kowane yaro zai tarar a ƙofar asibitin Gaya, ko da wace sa'a aka kawo shi.